RUWAN GASHI: INA IYAKAR WAHALAR MAI KOYON JINYA?

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin Titin Bauchi da sassafe a lokacin hunturu ya san sanyin Jos, ya kuma san ayarin ɗalibai da ke tsayawa kusa da ƙofar jami'a, hannuwa cikin aljihu, ana jiran Keke. A cikin irin wannan ayari na saba ganin wani saurayi ɗan maƙwabtanmu. Yana ajin ƙarshe ne a wata jami'a inda yake karatun aikin gashi da motsa gaɓoɓi, wato fisiyo, aka turo shi koyon aiki wani asibiti a cikin gari. A lokacin mahaifinmu yana fama da shanyewar ɓarin jiki, saboda haka duk yamma yaron yakan leƙo ya taya shi maimaita motsin da aka ɗora masa a asibiti.

Wata rana yana ɗaga ƙafar tsohon sai na ga ya cije leɓe, ya dafe ƙugu. Da muka fito zaure na tambaye shi ko lafiya. Ya ce bayansa ya yi wata biyu yana ciwo. Na ce ya gaya wa malamansa? Sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ai ba a faɗa. Idan ka ce ka gaji, sai a ce ba ka dace da aikin ba."

Wannan amsa ita ce ta haifi wannan ɗan rubutu. Tambayar da nake son mu duba tare da mai karatu ita ce: shin duk wahalar da aka ɗora wa mai koyon jinya tarbiyya ce, ko kuwa akwai inda takan tashi daga tarbiyya ta koma zalunci?

Hujjar Masu Cewa Wahala Ce Makaranta

Bai kamata mu yi gaggawar watsi da ra'ayin masu tsanantawa ba, domin suna da hujja. Hausawa na cewa sai an sha wuya akan sha daɗi, kuma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maɗori ba ya barin yaronsa ya taɓa karaya sai ya daɗe yana riƙe masa karan ɗori, haka ma wanzami ba ya miƙa aska ga wanda hannunsa ke rawa.

Aikin gashi kuwa ya fi buƙatar wannan juriya, domin aiki ne da ba ya saurin nuna sakamako. Mai shanyewar ɓarin jiki yakan yi watanni kafin ya iya riƙe cokali. Yaron da aka haifa da matsala a ƙwaƙwalwa yakan yi shekaru ana koya masa zama da tsayuwa. A shekarar 2020 aka tabbatar da cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan a unguwanninmu, kuma za su buƙaci hannun mai gashi har ƙarshen rayuwarsu. Wanda zai zauna da irin waɗannan mutane dole ya zama mai dafa dutse. Shi ya sa hanyar take da tsawo: shekara biyar ko shida a jami'a, ana haddar kowace jijiya da tsoka, sannan shekara guda ta koyon aiki a asibiti kafin hukumar da ke kula da wannan sana'a, wadda aka kafa da Doka ta 38 ta 1988, ta ba mutum cikakkiyar rijista. Babu mai hankalin da zai ce a sassauta wannan, domin jikin ɗan'adam ba allo ba ne da za a wanke idan an yi kuskure.

Abin da Sana'ar Kanta Take Koyarwa

To amma idan muka duba da kyau, za mu ga cewa ilimin da ɗalibin yake karantawa ya riga ya amsa tambayar tamu. Ga misalai guda biyu.

Na farko, tsoka ba ta ƙarfi sai an ɗora mata nauyi. Wannan gaskiya ne. Amma nauyin awo gare shi. Ana fara shi kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, kuma a bar hutu a tsakani, domin a lokacin hutun ne tsokar take gyara kanta ta ƙara kauri. Idan aka ɗora nauyin da ya wuce kima, ko aka hana hutu, abin da zai biyo baya yagewa ne. Mai gashin da ya yi wa majinyaci haka, ba wanda zai kira shi jarumi. Za a ce bai san aikinsa ba.

Na biyu, kuma shi ne ya fi taɓa ni. Kafin a ɗora wa majinyaci wani abu mai zafi, ana koya wa ɗalibi ya fara gwada fatar wurin, ya tabbatar mutumin yana bambance zafi da sanyi. Dalili kuwa, wanda jijiyarsa ta mutu ba ya jin ƙuna. Zai kwanta shiru yana godiya alhali fatarsa tana saluɓewa. Saboda haka shirun majinyaci ba shaidar lafiya ba ce, wani lokaci ma shi ne alamar haɗari mafi girma.

Yanzu mu koma ga maganar yaron nan ta cewa "ba a faɗa". Ɗalibin da aka hore shi a kan kada ya ce ya gaji, kada ya ce bai gane ba, kada ya ce yana jin tsoro, an mayar da shi tamkar waccan fata ce. Malami zai ga shiru ya ɗauka juriya ce, alhali ƙuna tana ci. Ashe ke nan muna kiyaye wa majinyaci dokar da muke karya wa mai yi masa magani.

Kada mai karatu ya ɗauka ciwon bayan yaron nan tsautsayi ne na mutum guda. Wani bincike da aka buga a 2008 a kan ma'aikatan gashi na Nijeriya ya gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun yi fama da ciwon jiki mai nasaba da aiki a cikin shekara guda, kuma ƙasan baya ne ya fi shan wahala. Ɗaga majinyaci, sunkuyo a kan gado, danna tsoka da babban yatsa sau ɗari a wuni, duk suna da farashi. Jiki magayi.

Wane ne Yake Biyan Bashin?

Wani zai ce ai wannan matsalar ɗalibi ce shi kaɗai, kuma shi ya zaɓi aikin. A nan nake ganin kuskure. Hannun da ya gaji yakan yi garaje. Zuciyar da aka saba yi mata tsawa takan koyi tsawa. Ɗalibin da aka kunyata a gaban majinyata saboda ya yi tambaya, gobe ba zai yi tambaya ba, zai yi kirdado ne a jikin mahaifin wani. Wanda kuma aka nuna masa cewa kukansa raki ne, da wuya ya saurari kukan tsohuwar da ke cewa gwiwarta ba za ta ƙara lanƙwasuwa yau ba. Bashin da aka ci a aji, a ɗakin jinya ake biyansa, kuma marar lafiya ne mai biya.

Akwai kuma hasarar da ƙasa take yi. Tun 1945 aka shigo da wannan aiki Nijeriya ta Asibitin Ƙashi na Igbobi da ke Legas. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kansa a 1966, a Arewa kuwa an fara horarwa a Asibitin Ƙashi na Dala, kafin shirin ya koma Jami'ar Bayero. Duk da wannan tsawon tarihi, masu aikin ba su wadata ba, ga kuma masu ƙaura zuwa Ingila da ƙasashen Larabawa. Duk ɗalibin da ya karaya ya bar hanya, ƙauyuka ne da yawa suka rasa mai tayar musu da majinyaci tsaye.

Kammalawa

Ra'ayina shi ne, wahala tana zama tarbiyya ne idan ta cika sharuɗɗa uku: a san amfanin da ake nema da ita, a auna ta daidai da ƙarfin mai ɗauka, sannan a bar masa bakin da zai ce ta yi yawa. Kwana a kan littafin tsokoki ya cika waɗannan sharuɗɗa. Sa yaro ya ɗaga ƙaton majinyaci shi kaɗai ba tare da mataimaki ba, ko yi masa dariya don ya ce bayansa na ciwo, bai cika ko ɗaya ba. Cewar malami "mu ma haka aka yi mana" labari ne kawai, ba hujja ba ce.

Shi ma ɗalibi yana da nasa nauyin. Ɓoye ciwo ba jarumta ba ce, kuma wanda zai hori mutane su kula da jikinsu bai kamata ya zama wanzamin da ba ya son jarfa ba.

Mahaifinmu dai ya samu sauƙi har yana takawa da sanda zuwa bakin titi. Ranar da yaron zai koma makaranta ya zo sallama, tsohon ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce, "Ɗana, ka lallaɓa wannan hannun. Ba naka ba ne kai kaɗai."