Takarda Ba Ta Taka Birki

Akwai wata ɓarna da ta zama ruwan dare a garin Jos, har ido ya saba da ita, baki ya daina faɗa. Ita ce ɗora rayukan mutane a kan abin hawan da mai shi ya san ba shi da lafiya. Wannan ganganci ne tsagwaronsa, kuma ranar da rai ya salwanta a cikinsa, alhakin jini ne a wuyan wani. Daga Ali Kazaure zuwa Gangare, daga Dilimi zuwa titin Bauchi da Farin Gada, kullum safiya ana tayar da Keke Napep da bas-bas da a-kori-kura da manyan motoci waɗanda birkinsu ya cinye, tayoyinsu sun suɗe, ƙafafunsu na rawa. A cika su da 'yan makaranta da matan aure da 'yan kasuwa, a hau titi. A aljihun direba kuwa akwai takardar shaidar lafiyar mota, da hatiminta da sa hannunta, alhali babu wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin motar.

Bari mu ga yadda wasu suka ɗauki rai, mu auna kanmu. A ƙasashen Turai, musamman Jamus, akwai wani ƙaramin jirgin sama mai dogayen fikafikai wanda aka ƙera don ya yi shawagi da ƙarfin iska kawai. Mai kyau daga cikinsu, idan ya kai tsawon kilomita 1 a sama, yana iya lulawa kilomita 40 ko fiye ba tare da inji ba kafin ya taɓa ƙasa. Wasu daga cikin jiragen an sa musu ƙaramin inji don su tashi da kansu, ko su koma gida idan iska ta ƙi. Mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka, galibi mai shi ne a ciki, kuma nishaɗi ya kai shi. Duk da haka doka ba ta ɗaga masa ƙafa ba. A Amurka sai an duba shi duk wata 12, a Turai takardar izinin tashinsa shekara guda take yi, sai an sake bincike. Kowane gyara sai an rubuta shi a littafin jirgin, wanda ya yi aikin ya sa hannu da sunansa. Idan hukuma ta gano aibi a wani samfurin inji, takan ba da umarnin dole a kan duk mai irinsa, wanda bai cika ba jirginsa ba zai tashi ba. Kamfanin Rotax na ƙasar Ostiriya, mai ƙera injinan da ƙananan jirage da yawa ke amfani da su, ya yanka wa robobin da mai da ruwa ke bi wa'adin shekara 5, a cire su ko da ido bai ga tsaga ba. Dalilinsu a fili yake: injin da ya mutu lokacin tashi, ko ya ƙi kamawa sa'ad da jirgi ya yi ƙasa-ƙasa, ba ya bar wa matuƙi lokacin tunani.

To, jirgin da zai iya sauka lafiya ba inji, mai ɗauke da mutum ɗaya da ya hau da son ransa, an tsare shi da wannan tsanani. Ina ga bas ɗin da ta ɗebi mutum 18 da ba su san halin da take ciki ba? Ina ga keken da aka cusa wa yara bakwai za a kai su Islamiyya? Ina ga tirelar da ta ɗauko siminti ko dankali za ta ratsa tsakiyar gari? Wace hujja muke da ita ta cewa nasu rai ya cancanci littafi da sa hannu, namu kuwa "za ta kai" ya ishe shi?

Jos ba gari ba ne da ake wasa da birki a cikinsa. A kan tsauni muke, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma duk wanda zai bar Filato sai ya gangara. Mai zuwa Akwanga da Abuja sai ya sauka Hawan Kibo, wurin da sunansa kaɗai ya isa ya sa fasinja salati. A cikin gari ma, mutanen Jos ba sa bukatar a ba su labarin abin da manyan motoci suka sha yi a gangaren da ke kaiwa shataletalen Polo. A doguwar gangara, birki ba ya iya aikin shi kaɗai, sai da taimakon inji a ƙaramar giya. Idan aka dogara da takawa kawai, ƙarfen kan yi zafi har ya daina kamawa, man birki ya tafasa, ƙafa ta nutse har ƙasa mota ba ta rage gudu ba. A babbar mota kuwa iskar birki ce ke ƙarewa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wata muguwar ɗabi'a ta ƙara yaɗuwa: direba ya saki giya a gangara, wani har ya kashe inji, wai yana tattalin mai. Don mai na 'yan nairori, ya zare wa motar da ke cike da mutane rabin abin da zai tsayar da ita. Wane irin lissafi ne wannan?

Ku je gareji ku tsaya ku gani. Bakanike ya kwance taya, ya zaro takalmin birki, ya ɗaga wa mai mota. Fatar ta cinye ƙurmus, ƙarfe ke gugar ƙarfe, har ya yi shuɗi don zafi. Ya ce, "Alhaji, wannan ya gama aiki, sai sabo." Alhaji ya dubi agogo, ya dubi lodin da ke jira a tasha, ya ce, "Kai dai lallaɓa mini shi, in mun dawo a canza." Bakanike ya san ƙarya ce, ya san ba za a dawo ba sai ranar da aka jawo motar. Amma yana tsoron kada ciniki ya koma garejin gaba, sai ya goge, ya ɗaure, ya mayar. Mutum biyu ke nan sun ga mutuwa da idonsu, suka haɗa baki suka mayar da ita cikin taya.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Akwai masu kaɗa ruwan sabulu su zuba a madadin man birki, abin da ke cin roba, ya sa tsatsa, ya tafasa da zarar ƙarfe ya ɗumama. Akwai masu sayen tayar gwanjo da aka yar a wata ƙasa, har da wadda aka sake tsaga wa zane da wuƙa don ta yi kama da sabuwa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin makon da shekarar da aka yi ta: idan ka ga 2315, mako na 23 ke nan na shekarar 2015. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana shelar cewa taya tana da wa'adi, amma direba nawa ne ke durƙusawa ya karanta? Akwai masu ɗaure ƙafar mota da waya da robar taya. Akwai masu ajiye jarkar fetur kusa da ƙafar fasinja, a zura tiyo zuwa inji, saboda famfon mai ya lalace. Akwai masu tafiyar dare da fitila ɗaya, mai tahowa ya ɗauka babur ne. Yanzu kuma ga sabuwar fitina ta tukunyar gas da ake haɗawa a wurin mai walda. Irinta ce ta fashe a wani gidan gas a birnin Benin a watan Oktoban 2024, ta yi kaca-kaca da mota, ta raunata mutane. Muna jira ne sai ta fashe a cikin cunkoson Terminus kafin mu farka?

Abin da ya fi ciwo shi ne, doka tana nan. Akwai jami'an duba lafiyar motoci da muke kira VIO, akwai hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa tun 1988, akwai takardar shaidar lafiyar mota da ake sabuntawa. Amma kowa ya san yadda mutane da yawa ke samun tasu: a miƙa wa dillali kuɗi da tsofaffin takardu, mota na fake a ƙofar gida, da yamma a kawo sabuwa. Takardar da aka yi don ta zama shaida ta koma rasit. Duk wanda ya sa hannu cewa mota lafiyarta ƙalau bai gan ta ba, shaidar zur ya yi. Duk wanda ya saya, shaidar zur ya saya. Duk jami'in da ya ga taya ta suɗe har waya ta fito, ya karɓi na goro ya ɗaga hannu, ya sayar da mutanen da ke cikin motar ne a kan farashin da ba zai sayi kaza ba. Ranar da mota ta ƙwace a gangara, za a tarar da takardar a cikin tarkace, sabuwa fil, ba ta ceci kowa ba.

Ku tuna ranar 4 ga Mayun 2002. Jirgin da ya taso daga Jos ya yada zango a Kano, yana tashi zuwa Legas ya faɗa unguwar Gwammaja. Sama da mutum 100 suka rasu, har da Ministan Wasanni Ishaya Mark Aku, ɗan wannan jiha. Ƙasa ta girgiza, aka yi zaman makoki, aka kafa bincike, gwamnati ta dakatar da duk jirage irin wannan samfurin. Haka ya dace. Amma alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra sun nuna sama da mutum 5,000 suka mutu a titunan Nijeriya a 2023, haka kuma a 2024. Wato kusan mutum 100 kowane mako, Gwammaja guda duk sati, ban da waɗanda aka binne ba a kai rahoto ba. Gudun wuce sa'a ne kan gaba a dalilai, amma fashewar taya da tsinkewar birki suna nan a jerin kowace shekara, kuma gudu a kan ruɓaɓɓiyar taya ya fi kowane gudu kisa. Wace tasha aka rufe? Wane mai mota aka gurfanar? Wane mai sa hannu aka tuhuma?

Ku bi gawa ɗaya zuwa gida ku ga abin da ta bari. Magidanci ya fita neman abinci, aka dawo da shi a tabarma. Matarsa ta shiga takaba da goyo, haya na jira, yara an koro su daga makaranta, babban cikinsu ya ajiye littafi ya kama tura baro a Katako. Wanda bai mutu ba kuwa, ku leƙa ɗakunan masu karaya a asibitin koyarwa na JUTH ko Jankwano. Matashi mai jini a jika an yanke masa ƙafa, wani laka ta taɓu, sai an kwantar sai an tayar har ƙarshen rayuwarsa. A sayar da fili, a sayar da keken ɗinki, a ci bashi, daga ƙarshe a koma wurin mai ɗori saboda kuɗin tiyata ya gagara. Shi kansa direban, idan ya tsira, ko dai gidan yari, ko hannun fusatattun mutane, ko kwana da fuskokin waɗanda ya kashe. Kuma a gari irin Jos, wanda ya ɗanɗani abin da ƙaramar husuma ke haifarwa, wa zai ba da tabbacin cewa motar da ta ƙwace ta afka wa jama'a a wata unguwa ba za ta zama mafarin wata wutar ba?

Za a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba a ɓuya a bayanta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya fara ɗaure abin hawansa sannan ya dogara ga Allah. Shari'a ta ɗora diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere a kan wanda ya kashe rai bisa kuskure. Idan wannan ne nauyin kuskure, mene ne nauyin wanda bakanike ya nuna wa cinyayyen birki da rana tsaka, ya ce a mayar? Rubuta addu'a a bayan mota ba ya wanke wanda ya ƙi gyara ta.

Za a ce talauci ne, kayan gyara sun yi tsada. Sun yi, babu musu. Tun da aka hana acaba a Jos da Bukuru zamanin Gwamna Jonah Jang, dubban matasa suka koma keke, da yawansu ba nasu ba ne, balas suke kaiwa kullum, ranar gareji kuwa ranar asara ce. Amma talaucin direba ba ya halatta masa jinin fasinja, wanda shi ma talaka ne. Kuma mai keke ko mai mota da ke zaune yana ƙirga balas, ya ƙi ware ranar gyara, ya ƙi fitar da kuɗin taya, shi ne babban mai laifi, ko da bai taɓa riƙe sitiyari ba. Wanda ba zai iya kula da mota ba, bai isa ya ɗauki mutane a cikinta ba.

Idan aka ci gaba a haka, ga inda za a kwana. Motoci suna ƙara tsufa, kayan gyara na jabu suna ƙara cika kasuwa, yaran gareji suna tasowa sun koyi cewa sana'a ita ce lallaɓawa. Bakanike mai gaskiya zai rasa ciniki, mai ha'inci ya gaje shi. Takarda za ta rasa ma'ana gaba ɗaya, har mai lafiyayyar mota ya ga wauta ce ya kai ta a duba. Sannan kowace uwa da ta sa ɗanta a keke da safe caca ta yi da ransa.

Saboda haka kowa ya ɗauki nasa. Gwamnatin Filato ta hana ba da takarda sai an ga mota, an gwada birkinta, an duba tayarta, kuma sunan wanda ya duba ya fito ɓaro-ɓaro, don ranar da bincike ya nuna ƙarya a san wuyan da za a kama. A tsayar da manyan motoci a gwada birkinsu kafin su fara sauka Hawan Kibo. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na masu keke su hana lodi ga duk motar da ba ta cancanta ba, yadda suke hana wanda bai biya kuɗin tasha ba. Ƙungiyar makanikai ta yi yarjejeniya cewa abin da gareji ɗaya ya ƙi mayarwa, babu garejin da zai mayar. Masu motoci su buɗe littafin gyara ga kowace mota, su ware ranar sabis ba tare da neman balas ba. Limamai da fastoci su faɗi hukuncin wannan aiki a kan mumbari, da sunansa. Ku kuma iyaye a Ali Kazaure da kewaye, ku dubi tayar keken da ke ɗaukar 'ya'yanku, ku tambayi direba yaushe rabonsa da gareji, idan amsarsa ba ta gamsar ba ku sauke su. Wanda ya ji wannan ya yi biris, ya sani cewa ran da ya salwanta ta hannunsa za a tambaye shi, a nan ko a gaban Allah, kuma ranar ba za a karɓi takardar dillali ba.