Ƙaddara da Danjar Titin Zariya

Titin Zariya ya tsaga unguwarmu gida biyu. Yawancin gidaje suna gabas, makarantar firamare da masallacin Juma'a da 'yar kasuwar yamma suna yamma, ga kuma titi mai hannu biyu a tsakani, wanda duk tirela da tanka da tifar da ta taso daga Kaduna za ta shiga Kano sai ta bi ta kansa. Da ƙarfe bakwai da rabi na safe yara suke cincirindo a bakin kwalta, babbar yarinya ta riƙe hannun ƙannenta biyu, a yi ta jira har a ga sarari, sannan a kwasa da gudu. Kwamitin unguwa, wanda nake rubuta masa takardu, ya zauna a kan ko mu nemi hukuma ta kafa mana danja a wurin. Na ɗauka magana ce ta rabin awa. Sai ga shi ta kai mu ga tambayar da malaman tauhidi suka daɗe suna juyawa: ina iyakar ƙaddara, ina kuma farkon alhakin ɗan Adam?

Wanda ya fara ta da ita dattijo ne da duk muke jin nauyinsa, ya kuwa taɓa binne jikansa da mota ta buge. Ya ce, "Malam, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gadonsa yake sai ya tafi. Fitila ba ta ƙara wa kowa numfashi." Na ce, "Baba, haka ne, Allah Ya jiƙan yaro." Ban faɗa don ladabi kawai ba. Na yi imani ajali ba ya gaba ba ya baya, na kuma ga yadda wannan kalma take riƙe uwar da aka kawo mata gawar ɗanta ta hana ta zaucewa. Sai dai kowace magana da mazauninta. "Kwana ya ƙare" ta zaman makoki ce, ana faɗa wa wanda abin ya riga ya faɗa wa. Idan aka ɗauko ta aka kawo teburin da ake yanke abin da za a yi gobe, an ɗora mata kayan da ba nata ba.

Magabata ba su yi haka ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya isa Sargh aka sanar da shi annoba ta ɓarke a can, sai ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, shi kuma ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar take, kamar makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya busasshe, duk wanda ya kai raƙumansa da hukuncin Allah ya kai su. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san babin jini da haddi ya ɗora lamuni a kan mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta, idan ta taka mutum. Malamanmu na Malikiyya sun ce wanda ya haƙa rijiya a hanyar jama'a inda bai halatta ba, wani ya faɗa ciki, shi ne da lamuni. Kisan kuskure kuwa akwai diyya akwai kaffara, azumin wata biyu a jere. Da a ce ƙarewar kwana tana rufe magana, da ba a rubuta waɗannan babuka ba. Mamaci kwanansa ya ƙare, mai rai kuma sai ya amsa tambaya, duka biyun gaskiya ne a lokaci ɗaya.

Ba direba kaɗai tambayar take hawa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, ya lissafa gyaran hanyoyi da kasuwanni cikin abin da yake kan shugaba. A zamaninmu kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, domin suna kare rai da dukiya. Hadisi ma ya sa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Mun saba fassara shi da ƙaya da dutse da fasasshiyar kwalba, amma ni ban san abin cutarwar da ya kai tirela mai ɗauke da siminti tana gudun kilomita 70 a ƙofar firamare ba.

Da a nan gardamar ta tsaya, da na rubuta takarda a daren. Wanda ya hana ni barci matashi ne mai tuƙa adaidaita sahu, wanda ya fi mu duka sanin titi. Ya ce, "Malam, ni ba na jayayya da ku. Amma wa zai tsaya? Idan akwai ɗan KAROTA a wurin, kowa zai taka birki. Ya tashi cin abinci, an koma gidan jiya. Ranar da batir ya mutu kuma fa? Yanzu yaran nan tsoron titi suke ji, tsoron ne yake tsare su. Kun sa musu koriyar fitila, kun cire musu tsoron."

Wannan magana tana da ƙafa. Wani babban bincike da hukumar manyan hanyoyin Amurka ta fitar ya gano cewa a titi mai layuka da yawa da cunkoson motoci, zanen tsallakawa shi kaɗai, ba tare da wani abin da zai tilasta wa mota rage gudu ba, ya zo da buge mutane fiye da inda ba a zana komai ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: motar layin farko ta tsaya, yaro ya shiga, ta layi na biyu da ba ta gan shi ba ta taho a guje. Danja ta fi zane ƙarfi, amma ita ma alkawari ce. Idan ta nuna kore, hukuma ce take ce wa yarinya 'yar shekara bakwai, wuce, na tsayar miki da su. In ba a tsayar ɗin ba, an yaudare ta da sunan hukuma, kuma yaudarar ta fi faɗa wa wanda ya fi yarda: yaro, da tsohuwa, da baƙon da ya zo daga ƙauye. A nan ne na ga nauyin abin ya koma kanmu. Wanda ya kafa fitila ya tafi bai sauke alhaki ba, ya ɗauki sabo ne, domin yanzu akwai wanda ya dogara da maganarsa.

Wasu suka ce to a nemi gadar sama ta masu ƙafa, a huta. Na ƙi, kuma har yanzu ina ƙi. Ku je ku tsaya ƙarƙashin irin waɗannan gadoji ku ga su wa suke hawa. Mai ƙarfi a jika yana iya hawa, shi kuwa dama yana iya tsallakawa da gudu. Gurgu a kan kekensa, da mai tura kurar ruwa, da mai tsohon ciki, da dattijon da gwiwa ta ci, su ne ba sa iyawa, su ne kuma muke nema wa mafita. Gada tana cewa kada a dami mota, mutum ya hau sama ya ba ta wuri. Wa ya yanke cewa titi na mai mota ne? Unguwar ta riga faɗaɗa titin zama. Danja ta farko a duniya, wadda aka kafa a Landan a 1868, a bakin ginin majalisar dokokinsu aka sa ta, inda manya suke tsallakawa. Tun daga ranar ake gane darajar mutane a idon hukuma daga inda ta yarda a tsayar da abin hawa dominsu.

A yi lissafi kaɗan. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Tsohuwa tana taka kamar mita ɗaya a daƙiƙa, idan faɗin hannu ɗaya na titin ya kai mita 10, tana bukatar daƙiƙa 10, a cikinsu motar ta ci kusan mita 170. Wato muna neman ta auna gudun abin da yake can nesa, da ido mai yana, da magariba, ba ta da damar kuskure ko sau ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai ƙafa idan mota ta buge shi yana ninkuwa sau 4.5 tsakanin gudun kilomita 50 da 65. Ta kuma ce mutane kusan miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da babur, kuma Afirka ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. A ɗaya ɓangaren sikelin me aka ɗora? Daƙiƙa 30 na direba. Na san direban haya da mintocinsa yake cika kuɗin balas, ban raina wannan ba. Amma malaman maƙasid, daga Gazali zuwa Shaɗibi, sun sa kare rai a gaba da kare dukiya, kuma ban ga ta inda za a juya wannan jeri ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata ƙa'ida da injiniyoyin Amurka suka daɗe suna aiki da ita a baya, wadda ɗaya daga cikin sharuɗɗanta na kafa danja shi ne a samu haɗari biyar a wuri cikin wata 12. Na fahimci dalilinsu, kuɗi ba ya isa ko'ina, dole a san inda za a fara. Amma mazhabarmu tana da saddu zari'a, toshe ƙofar ɓarna kafin ta auku, kuma ba ta ce a jira a ƙirga gawa ba. Suwidin ta ɗauki irin wannan matsayi a 1997, da majalisarta ta amince cewa mai tsara hanya yana da kaso a alhakin duk ran da aka rasa a kanta, tun da an san ɗan Adam mai kuskure ne. A wurinmu ma, in ƙirga haɗarin za a yi, wa yake rubutawa? Yaron da aka buge aka ɗauke shi a adaidaita zuwa asibiti, ko aka kai shi wajen mai ɗori, sau da yawa ba ya shiga littafin kowa.

Takardar da muka aika ta nemi danja mai aiki da sola, amma ba ita kaɗai ba. Mun nemi tudun rage gudu kafin a iso ta daga kowane hannu, domin tudu ba ya tashi cin abinci. Mun nemi a faɗaɗa dakalin tsakiyar titi yadda yara goma za su tsaya a kai, a tsallaka hannu ɗaya a huta, sannan a tsallaka ɗayan. Mun nemi jami'i a lokacin tafiya makaranta da tashi da kuma ranar Juma'a. Mu kuma muka ɗaukar wa kanmu abu biyu a rubuce: iyaye biyu za su tsaya a wurin kowace safiya bisa karɓa-karɓa, kuma duk ranar da fitilar ta mutu za mu rufe fuskarta da buhu mu sanar da makaranta, kada wani yaro ya tsaya jiran umarninta. Mai adaidaita ya ce shi zai yi wa 'yan tasharsu magana. Dattijon nan shi ya fara sa hannu, ya ce a ba shi safiyar Litinin, tun da daga masallaci ba ya komawa barci.