Ko mai sana'a ya kamata ya bari a ga aibin aikinsa?

Ga wani labari na ƙasar Ingila da nike son mu yi tunani bisa gare shi.

A shekarar 1907 kamfanin Rolls-Royce ya ƙera wata mota mai tsada, irin ta manyan attajirai, anka sa mata suna Silver Ghost. Manajan kamfanin, Claude Johnson, ya ce a gwada ta bisa hanya gaban shedu. Wata ƙungiyar masu motoci ta ba da mutanen da ke shiga motar suna rubuta duk abin da ya faru. Ta yi ta kai da komowa tsakanin Landan da Gilasgo har ta cika mil 15,000, watau wajen kilomita 24,000.

Bayan mil 629 sai mota ta tsaya. Girgizar hanya ce ta rufe ɗan famfon da mai ke bi. Minti kaɗan anka buɗe shi. Amma shedu sun riga sun rubuta. Daga nan ta yi mil 14,371 ba ta sake tsayawa don lalacewa ba. Da anka kwance ta, kayan da anka sauya duka kuɗinsu fam 2 da sule 2 da kwabo 7.

To, da babu shedu, wa zai san zancen famfon nan? Wani zai ce: gyara shi shiru, kada ka ba abokan gasa bakin magana. Akwai gaskiya a ciki, don mutane sun fi riƙe tuntuɓe guda da tafiyar kwana arba'in. Amma ni a ganina, wanda ya bari anka rubuta ƙaramin aibinsa, shi a ke yarda da shi in ya faɗi babban adadi. Kun san haka a kasuwar bisashe: dillalin da ya ce maka sa na ɗingishi kaɗan, wurinsa ka ke komawa baɗi.

Kada dai mu yabe su fiye da kima. Johnson talla ya ke yi, kuma famfo ba abin kunya ba ne sosai. Kunyar gaske ta zo a 1912, cikin duwatsun Ostiriya. Wani mai suna James Radley ya shiga gasa da irin wannan mota, ta kasa hawan tudun Katschberg sai da mutanen ciki sunka sauka. Giyarta 3 ce, ta farkon ba ta da ƙarfin hawa irin wannan. Nan kam kamfanin bai zaɓi shedu ba, duniya ce ta gani. Suna iya ɗora laifi bisa direba ko bisa dutsen. Sai sunka koma gida sunka yi mata giya 4, sunka aika mutane su gwada ta bisa tuddan nan da kansu. A 1913 motocinsu sunka komo, sunka haye Katschberg ba wanda ya sauka.