Kai Ka Ɗaure, Wani Ne Zai Kwance



Wanda ya taɓa zama wurin da ake ɗaurin goro a Zongon Kumasi ya san yadda aikin yake. Ana shimfiɗa ɗanyen ganye, a zuba goro, a rufe da wani ganyen, sa'an nan a ɗaure da igiya tam. Wannan shi ne huhu. A zamanin ayari, lokacin da fatake suke wata da watanni tsakanin Gwanja da Kano, dole su riƙa kwancewa a hanya suna yayyafa ruwa, suna tsince wanda sankara ta kama. Amma jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, aka shiga kai goro bakin teku, daga can zuwa Ikko, daga Ikko zuwa arewa. Daga baya manyan motoci suka karɓi aikin. Tafiya ta yi sauri, huhu kuwa yakan isa hannun mai saye a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yadda aka ɗaure shi. Mai sayen bai san fuskar wanda ya ɗaure ba. Shi ma mai ɗaurin ba zai taɓa ganin wanda zai kwance ba.

To, a lokacin ɗaurin nan, wa yake duba abin da ya shiga tsakiya? Ana iya jera manya masu kyau a sama, a cusa ƙanana da masu ciwo a ciki. Kafin a gane, kuɗi ya riga ya shiga aljihu. Tambayar da nake so mu yi tunani a kanta yau ke nan: me ya kamata mutum ya bar wa wanda ba zai taɓa gani ba, a wurin da babu mai duba shi?

Abin da ya tuna mini da wannan tambaya wani wasa ne da aka fara a Amurka, wanda ake kira Geocaching. A watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin na'urar GPS da gangan, na'urar nan da take nuna wa mutum daidai inda yake tsaye a bayan ƙasa. Ran 3 ga watan, wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokiti, ya sa littattafai da kasakasan bidiyo da gwafar harbin tsuntsu da gwangwanin wake da ɗan littafin sa hannu, ya ɓoye shi a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon. Ya sanar da lambobin wurin, ya ce duk wanda ya samu ya ɗauki wani abu, ya kuma bar wani abu. Cikin 'yan kwanaki aka same shi. Wasa ya bazu, har a 2017 akwatunan da aka ɓoye a duniya suka kai miliyan 3. Wani a ƙarƙashin dutse, wani a kogon itace, wani a jikin gada. Ba mai gadi, ba kuma mai karɓar kuɗi.

Ladubban da ake koya wa sabon shiga ba su da yawa. In ka sami akwati, ka rubuta sunanka da ranar a littafin. In ka ɗauki abu, ka bar wanda ya kai shi daraja ko ya fi shi. Kada ka sa abinci, domin ƙanshinsa yana jawo dabbobi su fasa akwatin. Kada ka sa wuƙa ko ashana ko magani, domin yara ma suna buɗewa. In ka gama, ka rufe da kyau saboda ruwan sama, ka mayar daidai inda ka tarar.

Wani zai ce, wannan ai wasan masu ƙoshi ne, ina ruwanmu? Gaskiya ne, abin da ke ciki tarkace ne, mariƙin makulli, ƙwallo, 'yar motar roba. Amma akwai abu guda da masu wasan suke kuka da shi a ko'ina, kuma shi ne ya sa na kawo maganar. Akwati yakan fara da kaya masu kyau. Bayan shekara ɗaya ko biyu, in ka buɗe, sai ka tarar da murfin kwalba, da tsohon rasit, da karyayyen abin wasa. Ba kuwa lallai ne ɓarawo ya zo ba. Kowa ya ɗauka, kowa kuma ya bari, kamar yadda doka ta ce.

Bari mu yi lissafi kaɗan. A ce an sa abu na sidi 10. Mutum na farko ya ɗauka, ya bar na sidi 9. A ransa bai yi laifi ba, tara da goma ai kusan ɗaya ne. Na biyu shi ma ya rage kashi ɗaya cikin goma, na uku haka. In mutum goma suka wuce, abin da ya rage bai wuce na sidi 3 da rabi ba. In ashirin suka wuce, ya koma sidi 1 da ɗan ɗoriya. A cikin mutum ashirin ɗin nan babu ko ɗaya da zai yarda a kira shi macuci. Kowannensu ya tafi gida da zuciya kwance. Duk da haka yaron da ya zo na ashirin da ɗaya, wanda ya sha tafiya yana ɗoki, shara ya tarar.

Kada mu yi nisa. A gidajen haya na Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, inda iyali goma suke tsakar gida ɗaya, wannan abu yana faruwa kullum. Mace ta aiki 'yarta wurin maƙwabciya, "Ki ce wa Inna ta ranta mini olonka ɗaya na masara." Inna ta cika shi har ya yi tsini. Ranar biya sai a kawo shi daidai baki, a shafe. Olonka ne aka karɓa, olonka aka mayar, wa zai yi magana? An ari tukunya lafiyayya, an mayar da ita da tsaga a gindi, an ajiye a hankali ta yadda ba za a gani ba sai an ɗora a wuta. An ɗebi ruwa a duron tsakar gida bokiti uku, an mayar biyu. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Inna ta gani, ta yi shiru. Gobe in an sake aikowa sai ta ce ta ƙare. Haka gida yake bushewa, kowa ya kulle ɗakinsa, a koma cewa mutanen yanzu ba su da kirki.

Inda matsalar take shi ne wannan magana ta "wanda ya kai shi daraja". Wa zai auna? A kasuwar Kejetia mutum biyu ne suke aunawa. Mai saye ya taya, mai sayarwa ya ce albarka, a ja har a daidaita. Amma a gaban akwatin da ke daji, ko a gaban huhun da ake ɗaurewa, mutum ɗaya ne, shi ne mai saye, shi ne mai sayarwa, shi ne kuma alƙali. Zuciyar ɗan Adam kuwa tana da wata al'ada. Abin da yake hannunta tana ganinsa da tsada, abin da take so ta ɗauka tana ganinsa da araha. Na ce zuciyar ɗan Adam, ban ce ta mugu ba. Tawa ma haka take.

Annabi Malakai ya tarar da irin wannan a zamaninsa. Mutane ba su daina kawo hadaya ba. Doka ta ce a kawo dabba, suna kawo dabba. Sai dai makauniya ce, ko gurguwa, ko marar lafiya, wadda dama an rasa yadda za a yi da ita. Abin da annabin ya yi shi ne ya sake musu ma'auni. Ya sa su yi tunanin kai wa gwamnansu irin wannan kyauta, ko zai karɓa. Wato ya sa wa mai karɓa fuska. Muddin mai karɓa ba shi da fuska a idonka, gurguwar tunkiya ma tunkiya ce.

Ina ganin wannan shi ne kaɗai ma'aunin da yake aiki a inda babu mai duba. Kada ka tambayi kanka, nawa abin nan ya ci mini? Ka tambayi kanka, in da wanda zai buɗe bayana yana tsaye a nan yana kallon hannuna, zan iya ajiye wannan in ce masa mun yi musanya? Kuma da yake mun san zuciya tana zambar awo ta wajenta, hikima ita ce mutum ya ƙara a kan abin da yake gani daidai ne. Wanda ya nufi daidai yakan faɗi ƙasa da daidai. Shi ya sa tsofaffin 'yan wasan suke gaya wa sabo ya bar abin da ya fi. Mu ma muna da gyara a ciniki, ɗan abin nan da mai awo take ƙarawa bayan mudu ya cika.

Sabon shiga ne ya fi bukatar jin wannan, domin shi ne ya fi saurin ɗaukar abin da ya tarar kamar daga sama ya faɗo. Ka dubi sunan unguwar kanta. Zango shi ne inda ayari yake sauka ya kwana, inda madugu ya san akwai ruwa da wurin ɗaure jakuna, domin waɗansu sun riga sun sauka a wurin sun bar shi yadda zai saukaku. Bayan Ingilishi sun ƙone Kumasi a 1874, kasuwar Salaga ta fara ja da baya. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa fatakenta. Bayan 1900 da yawa suka tare a Kumasi, Hausawa da Mosawa da Dagwambawa da Wangarawa da Yarabawa da Zabarmawa. Kusan kowa baƙo ya zo. Baƙo kuwa yakan sauka wurin mai gida, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in ana bukatar bashi. Me ya sa mai gida zai yarda da mutumin da bai taɓa gani ba? Domin waɗanda suka zo kafinsa daga garinsu sun biya abin da suka ɗauka. Baƙon nan yana cin sunan da waɗansu suka bari. In ya gudu da bashi, mai gida zai yi hasara sau ɗaya, amma ɗan garinsu da zai sauka baɗi shi ne zai kwana a waje.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. Talaka fa? Wanda ba shi da abin da ya kai, shi ke nan ba shi da rabo? A wasan, amsar mai sauƙi ce. Ba dole ba ne ka ɗauka. Kana iya buɗewa, ka duba, ka sa hannu, ka rufe, kuma ka cika wasa. A rayuwa abin ya fi haka wuya, domin mai jin yunwa ba zai kalli masara ya sa hannu a littafi ya tafi ba. Amma a nan ma akwai hanya, kuma unguwa ta san ta. Rance daban, kyauta daban. Matar da ta ce, "Inna, ki taimake ni, ban san ranar da zan iya biya ba," ba ta rage wa gidan kome ba. Inna ta bayar da saninta, kuma ladanta nata ne. Wadda take ɓata gida ita ce mai karɓar kyauta da sunan rance, ta mayar da rabi, ta kuma so a ce ta biya. Murfin kwalbar da aka jefa cikin akwati ba don mai zuwa aka sa shi ba. An sa shi ne don mai ɗauka ya iya gaya wa kansa cewa ya bar wani abu. Hananiya da Safiratu ma ba a kama su da laifin riƙe kuɗin gonarsu ba, gama nasu ne. Laifinsu shi ne sun kawo sashi suka ce duka ne.

Saura abu ɗaya da sababbi suke yawan kuskurewa. A waɗansu akwatunan akan tarar da wani abu mai lamba a jiki, kamar tsaba ko ɗan ƙarfe da aka rataya wa 'yar tsana. Sau da yawa shi ne mafi kyau a ciki. Wannan ba na musanya ba ne, ko da za ka bar abin da ya ninka shi sau goma. Yana da mai shi, wanda ya sake shi domin ya yi tafiya daga akwati zuwa akwati, wani lokaci daga ƙasa zuwa ƙasa, yana bin labarinsa ta lambar. In ka ɗauka, ka ɗauki nauyin kai shi gaba cikin 'yan makonni. Da yawa sun ɓace a aljihun mutanen da suka ce za su kai gobe.

Mu saƙo muke ce masa. Tsohuwa ta zo tasha da ƙunshi, ta ba matafiyin da zai tafi Yamai ko Kano, ta ce, "Ɗana, ka kai wa ƙanena." Ba ta rubuta takarda ba, ba ta kuma gaya masa abin da ke ciki ba. Motar ta tashi, ta bi ta Tamale, ta ƙetare iyaka. Kwana biyu ƙunshin yana ƙarƙashin ƙafarsa, ƙanen kuwa bai ma san an aiko ba.