Bayyana Aibin Kaya Wajibi Ne A Kan Mai Sayarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa matashi, kai da kake tsaron shago, ko kemis, ko kake tallan kaya a WhatsApp da Facebook, ka sani rubutun da ke jikin kwali ko kwalba magana ce kake faɗa wa mai saye, ko da bakinka bai motsa ba. In rubutun ƙarya ne, kuma ka sani, ka miƙa masa ka karɓi kuɗi, to kai ma ka yi ƙarya.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tarin, sai ya ji laima a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Manzon Allah ya tuhumce shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sa'an nan ya barranta daga mai algus. Ka lura, mutumin nan bai rantse da ƙarya ba, ɓoyewa kawai ya yi. Haka kuma a hadisin Hakimu ɗan Hizamu, wanda Buhari da Muslim suka fitar, an rataya albarkar ciniki a kan abu biyu: gaskiya da bayyanawa. In aka ɓoye aka yi ƙarya, albarkar ta tafi.

To, a ƙasarmu Najeriya hukuma ta sa doka a kan wannan. An kafa NAFDAC a 1993 don kula da abinci da magunguna. Ta wajabta a rubuta a jikin kaya sunan abin, da abubuwan da aka haɗa shi da su, da nauyinsa, da sunan kamfanin da ya yi shi da adireshinsa, da ranar da aka yi shi, da ranar da zai lalace, da lambar rajista. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 kuma ta hana yaudara a bayanin kaya, ta ce wanda ke sayar da kayan da aka yi amfani da su, ko aka gyara, dole ya bayyana haka.

Wani zai ce, "Ai Malam wannan dokar gwamnati ce, ba ta Allah ba." Ɗan'uwa, ka yi hattara. Shari'a ta riga gwamnati hana algus tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. Idan shugabanni suka yi umurni da abin da ya dace da Shari'a, binsu wajibi ne. Bambancin kawai, ma'aikacin hukuma yana iya kwana bai zo shagonka ba, amma mala'iku masu rubutu ba su fashi.

Kada ka ɗauka wasa ne. A 2008 wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga cikin haɗinsa, ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya. Iyayen nan sun amince da abin da ke jikin kwalba, suka ɗura wa 'ya'yansu da hannunsu. Uwar da ba ta iya karatun boko ba, in ta zo kemis ɗinka, kai ne idonta.

Saboda haka ka kiyaye waɗannan:

Na ɗaya, kada ka goge ranar lalacewa, kada ka manna wata a kanta. Kayan da lokacinsu ya wuce ka janye su, asarar kuɗi ta fi ɗaukar alhakin rai sauƙi.

Na biyu, kada ka zuba kayan jabu a kwalin na ainihi, kada ka rage shinkafa a buhu alhali an rubuta kilo 50. Ka tuna mutanen Annabi Shu'aibu, tauye mudu na cikin abin da ya hallaka su.

Na uku, wayar da aka buɗe aka gyara, ka ce gyararriya ce. Hoton da ka sa a intanet ya zama na kayan da za ka aika.

Na huɗu, in maigidanka ne ya sa ka, ka yi masa nasiha da ladabi, a keɓe. In ya ƙi, ka janye hannunka, don ba a yi wa mutum biyayya cikin saɓon Mahalicci. Na san abin da wuya, ana tsoron kora, ana jiran sallama da jari. Amma arziki ba a hannun maigida yake ba.

Wanda ya taɓa aikatawa ya tuba, ya mayar wa mutane haƙƙinsu tun yana da rai. Allah ya ciyar da mu halal, ya tsare mu daga cin dukiyar mutane da ɓarna. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.