Motar tsere a ƙasar amalanke: ɓarna ce ko neman sani?

A shekarar 2007, wani ɗalibin kimiyya na Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a gidansu da injin tsohuwar mota ƙirar Honda Civic. Jirgin ya tashi, ko da yake bai wuce tsayin mita biyu da ƴan kai ba. A watan Nuwamba na 2019, Jerry Mallo ya nuna wa jama'a a Abuja wata motar tsere da ya ƙera a Jos, mai suna Bennie Purrie. A 2020 kuma, a birnin Akara na Gana, wani yaro ɗan makaranta, Kelvin Odartey, ya shiga gari da motar da ya harhaɗa da ragowar ƙarafa. Hotunan irin waɗannan abubuwa suna yawo a wayoyin hannu har su iso Filinge, inda samari kan dube su da sha'awa, dattawa kuma su girgiza kai.

To, a ce wani saurayi a Filinge, mai sana'ar walda ko gyaran mota, ya killace gefen gidansu, ya ce zai ƙera motar tsere tun daga tushe. Zai ba ta shekaru uku ko huɗu na ƙuruciyarsa, da duk abin da ya rage masa bayan cefane. Shin ya yi daidai? Tambayar ta cancanci a zauna a kanta, domin tana taɓa abin da al'umma take ɗauka aiki ne da abin da take ɗauka wasa ne.

Hujjar masu suka tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Ƙasar Kurfai ƙasar gero ce da wake da kiwo. Abin hawan da ke ciyar da ita shi ne amalanken jaki da na shanu, waɗanda ke cika kasuwar Filinge ranar Lahadi, sai manyan motocin da ke bin hanyar Baleyara zuwa Yamai, tafiyar kilomita wajen 180. Motar tsere kuwa a ƙasa-ƙasa ake yin ta, cikinta kusan yana shafar kwalta. In ta sauka cikin rairayin Dallol Boso, ko zango guda ba za ta yi ba. Kujerunta biyu ne, ba ta ɗaukar buhu, ba ta kai mai naƙuda asibiti. Mutanen da suka ga yunwar 1984 da ta 2005 suna da dalilin tambayar abin da ya sa ƙarfen da zai yi garma goma zai ƙare a jikin abin ado. A wurinsu wannan almubazzaranci ne, kuma addini da al'ada duk sun yi tir da almubazzaranci.

Sai dai masu wannan hujja motar kaɗai suke dubawa, sun manta da wanda ya ƙera ta. Kafin mota ta tsaya a kan tayoyinta huɗu, dole maƙerinta ya warware matsaloli da dama waɗanda gyaran yau da kullum ba ya ɗora wa mutum. Sai ya zana ƙashin motar, ya auna, ya yanke bututun ƙarfe, ya haɗa su yadda ba za su murɗe ba in an sha kwana. Sai ya san inda zai ajiye injin don nauyi ya rabu daidai tsakanin gaba da baya. Sai ya daidaita sitiyari da ƙafafun gaba, ya nemi hanyar da iska za ta riƙa isa lagireto a zafin watan Afrilu, ya ja wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya. Makanike yana cire abin da ya lalace ya sa sabo, ko da bai san dalilin da ya sa aka yi shi haka ba. Mai ƙira tun daga tushe ba shi da wannan sauƙi: duk abin da bai fahimta ba, motar za ta tona masa asiri. Wanda ya fito daga wannan makaranta, famfon rijiya da injin casar gero da gatarin amalanke ba za su gagare shi ba.

Tarihi ya nuna cewa hanya ɗaya ce ta haɗa abin ado da abin amfani. A 1896, Henry Ford ya haɗa motarsa ta farko a wata rumfa da ke bayan gidansa a Detroit ta Amurka, har sai da ya fasa bango kafin ta fita. A 1948, Colin Chapman ya sake fasalin wata tsohuwar Austin a wani ɗan gareji a Landan, daga nan sunan Lotus ya samo asali. A wannan shekarar ce Ferruccio Lamborghini ya fara ƙera motocin noma a Italiya da ragowar kayan soja na yaƙin duniya na biyu, sai a 1963 ya buɗe kamfanin motocin tsere. Jerry Mallo ma, kamfaninsa yana ƙera injunan noma da na sarrafa amfanin gona. Hannun da ya iya wannan shi ne ya iya wancan.

Akwai kuma abin da ya fi amfani zurfi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara da motar gwangwani, waɗanda yara ke yi ba tare da kowa ya sa su ba. Ba wanda ya taɓa tambayar yaro buhu nawa motarsa za ta ɗauka. Sha'awar ƙirƙirar abu mai kyau halitta ce a jikin ɗan Adam, ita ce ta sa maɗinki yake ɓata watanni a kan aikin babbar riga, baduku yake ƙawata sirdi, alhali riga marar aiki ma tana rufe jiki. Mutanen Kurfai, da suka san darajar doki da ta jan san Azawak irin na Tukunus, ba baƙi ba ne ga son abu don kyansa. In aka ce talaka ba shi da ikon yin komai sai abin da zai ci, an rage masa mutuntaka, an bar mafarki ya zama gadon masu kuɗi kaɗai.

Duk da haka, sha'awa ba ta wanke mutum daga haƙƙi. Akwai haƙƙoƙi uku da ke wuyan mai wannan aiki, kuma su ne ma'aunin da zai raba neman sani da ɓarna.

Na farko haƙƙin iyali ne. Mutum yana da ikon sadaukar da barcinsa da kuɗin shayinsa, amma ba shi da ikon sadaukar da tuwon ƴaƴansa ko kuɗin maganin mahaifiyarsa. Motar da aka gina da hatsin rumbu, ko ta yi kyau kamar me, da zalunci aka gina ta.

Na biyu haƙƙin rai ne. Malamin kimiyya yana koya wa ɗalibai cewa in gudun mota ya ninka sau biyu, nisan da take buƙata kafin birki ya tsayar da ita yana ninkawa sau huɗu. Waldar da ta riƙe ƙofar gida shekara ashirin tana iya ɓallewa a kan gudun kilomita 100. Saboda haka birki da sitiyari su ne wurin da ba a gwaji da ran jama'a. A gwada mota a fili, nesa da kasuwa da ƙofar makaranta, kuma kada ta hau babbar hanya sai masu binciken lafiyar motoci sun duba ta. Wanda ya fi kula da fenti a kan birki, yabo yake nema.

Na uku haƙƙin gaskiya da koyarwa ne. Mai ƙira a gida ba ya zuba injin da kansa. Yakan samo shi ne daga tsohuwar mota ko babur. Wannan ba abin kunya ba ne, domin Chapman ma haka ya fara. Abin kunya shi ne a ɓoye, a ce komai daga hannu ya fito. Ya faɗi abin da ya saya da abin da ya ƙera, ya rubuta ma'auninsa da kurakuransa a littafi, ya bar ƙofa a buɗe ga yaran unguwa. Sanin da aka kulle a ɗaki, ranar da mai shi ya rasu ake binne su tare.

Ita ma al'umma tana da nata bashin. An saba a taru a yi tafi rana guda, a ɗauki hoto, kowa ya watse, motar ta yi tsatsa a bayan gida. Makarantar boko kuma ta daɗe tana nuna wa yaro cewa alƙalami na masu ƙoƙari ne, guduma ta waɗanda aka kora ce, kamar yadda a wurare da yawa ake ganin ƙira gadon wasu gidaje ce kawai. Malamai suna iya gyara wannan ba tare da jiran kuɗi daga Yamai ba. Malamin lissafi ya kai ɗalibansa garejin gari su auna taya su lissafa zagayenta. Malamin Hausa ya sa su tattara sunayen kayan aikin maƙera tun kafin su ɓace, daga uwar maƙera da zugazugi har zuwa awartaki. Ƙungiyoyin al'adu, da ke shirya gasar waƙa da wasan kwaikwayo, su ƙara da gasar motar kara da ta waya, a ba wanda ya ci kayan aiki a matsayin kyauta.

Saurayin Filinge da ya tsare waɗannan haƙƙoƙi uku bai yi ɓarna ba, ko da motarsa ba ta taɓa wuce ƙofar gari ba. Dattijon da ke girgiza kai yana da ikon tambayarsa ko gida ya ci, ko birki yana kamawa, da kuma yara nawa suka koyi riƙe ma'auni a wurinsa. In amsoshin sun gamsar, sai a sa masa albarka, a kuma aiko masa da gatarin amalanken da ya karye, domin da koyo akan iya.