ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: KO TANA SHIGA WAYA?

A wannan mako za mu jingine bayanin zakkar dabbobi da muka faro, saboda wata takarda da ta zo mana daga Kasuwar Daji, cikin ƙasar Ƙauran Namoda, wadda muka ga bai dace ta jira ba.

Mai takardar saurayi ne wanda injin niƙa ya cinye wa hannun dama, har aka yanke shi daga ƙasan gwiwa. Ya ce wata uku ya yi bai leƙa kasuwa ba, domin ba ya iya jure kallon mutane. Ana nan sai wani ya sa lambarsa cikin wani zaure na WhatsApp, inda masu irin lalurarsa daga Shinkafi da Zurmi da Gusau har Kano suke aika wa juna murya. A can ya koyi ɗaure tazuge da hannu ɗaya, a can kuma ya fara dariya bayan ya daɗe bai yi ba. To, amma kawunsa, dattijo mai tsoron Allah, ya hana shi. Ya ce wannan kai ƙarar Ubangiji ne wurin bayinsa, kuma zumuntar da ba a tako ƙafa ba ai ba zumunta ba ce. Shi ne yaron ke tambaya, cikin su biyu wa ke da gaskiya?

Mu fara da cewa kawu bai yi maganar banza ba. Haƙuri wajibi ne a kan wanda aka jarraba, kuma akwai kukan da ke ɓata lada: wanda mutum zai riƙa cewa don me sai ni, yana tuhumar hukuncin Mai Sama. Amma malamai sun raba tsakanin wannan da mutum ya faɗi ciwonsa don neman magani, ko shawara, ko sanyin zuciya. Imamu Buhari ya ware babi guda a kan halaccin majinyaci ya ce yana jin ciwo. A ciki akwai labarin Abdullahi ɗan Mas'udu, da ya taɓa jikin Manzon Allah (S.A.W.) ya ji zafin masassara, shi kuwa Manzo bai ɓoye ba, ya tabbatar masa cewa masassararsa ta kai ta mutum biyu. Wa zai ce haƙurinsa ya ragu da haka? Ashe ba baki ke ɓata haƙuri ba, zuciya ce.

Haɗa wanda aka jarraba da ɗan'uwansa kuwa ba baƙon abu ba ne. Masu tarihi sun kawo cewa Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina, ya je Sham wurin Halifa Walidu ɗan Abdulmaliki, sai ciwo ya kama ƙafarsa har aka yanke ta, a cikin tafiyar nan kuma dabba ta harbi ɗansa Muhammadu ya rasu. A kwanakin sai ga wani makaho daga ƙabilar Absu ya zo fada, ya ba da labarin yadda ambaliya ta tafi da iyalinsa da dukiyarsa cikin dare ɗaya, raƙumin da ya rage masa kuma ya harbe shi a fuska ya makance. Halifa bai tara malamai su yi wa Urwatu wa'azi ba, don Urwatu ya fi su sanin ayoyin haƙuri. Cewa ya yi a kai masa wannan makaho. Akwai abin da wa'azin mai hannu biyu ba ya kaiwa, sai bakin wanda ya ɗanɗana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗauki misali guda. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa hannu suna jin zogi ko ƙaiƙayi a yatsun da babu su. Likitoci sun san abin sarai, aikin jijiyoyi ne da ƙwaƙwalwa wadda ba ta manta da hannun ba, har akan rage shi da magani ko da wata dabara ta madubi. Amma saurayin da ke kwance a ƙauye, in ya faɗa wa mutanen gida, wani zai ce iska ce, wani ya ce sammu, a kwashe ɗan abin da ya rage a kai wa boka. Jimla ɗaya daga wanda ya riga shi, ya ce masa ni ma haka na yi, ta isa ta tsare masa aljihunsa da imaninsa gaba ɗaya.

Haka nan sha'anin ibada, wanda kunya ke hana tambaya a gaban jama'a. A mazhabar Maliku, kamar yadda yake a Muhtasar na Halilu, wanda aka yanke wa hannu yana wanke abin da ya rage ƙasan gwiwa a alwala. In yankan ya haura gwiwa, farillar wannan gaɓa ta faɗi. Cin abinci da hagu ga wanda ba shi da dama babu laifi a cikinsa, domin wanda Manzo ya tsawata wa girman kai ne ya hana shi, ba lalura ba. Sa hannun roba ma halal ne, tun da an yardar wa sahabi Arfajatu ya sa hancin zinariya bayan an yanke nasa a yaƙi. Kada kuma mai wannan lalura ya ga kansa ƙasƙantacce. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya rasa hannuwansa biyu a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Nusaibatu 'yar Ka'abu ta bar nata a Yamama, ba a ambatonsu sai da girmamawa.

Saura maganar ƙafa. Gaskiya ne zumunta a ƙafa take, amma a ƙasar da ake magana, ƙafar ce aka ɗaure. Duk wanda ya san hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, ko ta Zurmi zuwa Jibiya, ya san shekarun da 'yan bindiga suka yi suna tare ta. Asibitin ƙashi na Dala yana Kano, tafiyar yini ga mutumin ƙauye, ga kuɗin mota. Kuma masu irin wannan lalura a warwatse suke, ɗaya a nan, ɗaya a can. Shari'a kuwa ta san cewa in ruwa ya gagara ana taimama. Sai dai ita ma wayar ba abin jingina ba ce gaba ɗaya: a watan Satumba na 2021 hukuma ta rufe layukan sadarwa a Zamfara makonni da dama, aka rufe kasuwannin mako. A lokacin wa ya rage wa mai hannu ɗaya in ba maƙwabcinsa ba? Don haka zauren waya bai sauke wa dangi da liman haƙƙin gaida majinyaci ba ko kaɗan.

Muna kuma jan kunnen 'yan zauren. Abin da aka faɗa a zama amana ne; ɗaukar hoton dungun wani a yaɗa don a tara sadaka da shi ba da izninsa ba cin amana ne. Kada a ba da fatawa da ka, kada a rubuta wa juna magani. In yaro ya karye, aka ɗaure, yatsu suka kumbura ko suka yi baƙi, a ce da iyayensa su kwance su nufi asibiti a ranar, domin ɗori mai tsanani na cikin manyan abubuwan da ke raba yara da hannuwansu a ƙasar nan.

Akwai wani abu da mai takardar ya taɓo a ƙarshe, a kaikaice. Ya ce wata rana a tasha wani ya dubi hannunsa ya matsar da jakarsa. Tun watan Maris na 2000, da aka zartar da haddi a kan wani mutum a Talatar Mafara saboda satar saniya, wasu ke yi wa duk mai dungu irin wannan kallo, alhali waɗanda haddi ya shafa ba su taka kara sun karya ba cikin masu wannan lalura. Wannan mugun zato ne, kuma zunubi ne. To, in shi wanda aka yi wa haddin ne da kansa ya ƙwanƙwasa ƙofar zauren fa? A buɗe masa. Matar nan ta ƙabilar Mahzumu da aka yanke wa hannu a zamanin Manzo, Nana A'ishatu ta shaida cewa tubanta ya yi kyau, ta yi aure, tana zuwa ɗakinta, ita kuma tana isar da bukatunta ga Manzon Allah. Ɗakin A'ishatu bai rufe mata ba.

Shawararmu ga saurayin ita ce kada ya yi jayayya da kawunsa. Ya bari sai bayan Isha'i, ya zauna kusa da shi, ya ce: "Kawu, ga abin da muke faɗa, ka saurara da kunnenka." In dattijon ya ji abin da ya saɓa wa Shari'a, ya gyara musu, sun samu malami. In bai ji ba, sai ya ƙyale yaron.